Dokar shekara 25 ta Amurka da darajar tsofaffin takardun Land Rover

Maganganu biyu ne ke yawo a tsakanin masu tsofaffin Land Rover da Land Cruiser, da 'yan'uwanmu mazauna Amurka masu sha'awar shigar da irin waɗannan motoci can. Ta farko ita ce wai duk motar da takardunta na asali suka ɓata ta zama ƙarfen gwangwan, domin kwastan na Amurka murƙushe ta za su yi. Ta biyu kuma wai in dai kana da tsohuwar takarda a hannu, kowace mota ka jingina mata za ta wuce. Ta farkon tana sa mutane su sayar da mota mai daraja a banza. Ta biyun kuwa gidan yari take kaiwa.

Asalin dokar ta shekarar 1988 ce. A shekarun 1980 Amurkawa sun riƙa sayo motoci kai tsaye daga Turai da rahusa, dillalan kamfanoni, musamman na Mercedes-Benz, suka matsa wa majalisa, aka toshe hanyar. Abin da aka bari shi ne wata 'yar ƙofa: motar da ta cika shekara 25 da ƙerawa ba a neman ta cika ƙa'idojin kariya daga haɗari na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka. Ta shafi kowa, ɗan kasuwa ko mai sayen ta kansa, sitiyarin dama ko na hagu. Kanada shekara 15 ta yanka, wanda ya isa ya nuna cewa adadin nan na 25 ba daga wani lissafin kare rayuka ya fito ba.

Ana ƙirga shekarun daga wata da shekarar da aka ƙera motar, ba daga ranar da aka yi mata rajista ba, ba kuma daga shekarar da mai sayarwa ya faɗa ba. Motar da ta fito daga masana'anta a watan Maris na 2001 sai Maris na 2026 ta halatta. Wanda ya yi gaggawa motar ta sauka tashar jiragen ruwa a Fabrairu ya karya doka, ko da kwana goma ne suka rage.

A nan ne takarda take shigowa. NHTSA ta jera hujjojin da take karɓa: alamar da masana'anta ta manna a jikin motar mai ɗauke da ranar ƙira, in babu, rasit ɗin sayarwa na farko ko takardar rajista da ke nuna an yi wa motar rajista shekara 25 ko fiye da suka wuce, in wannan ma babu, takardar shaida daga wata sananniyar cibiyar tarihin motoci. Ke nan ɓatan takardun asali bai kashe mota ba. Ga Land Rover, gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon yana riƙe da kundin masana'antar Land Rover ta garin Solihull, kuma idan aka ba shi lambar casis yana fitar da takardar da ke nuna ranar ƙira da ranar fitar da motar, da launin fentinta na asali, da inda aka tura ta. Sai dai a fahimci iyakar wannan takarda. Abin da ke rubuce a kundi kawai take faɗa. Ba ta cewa motar da ke tsaye a gabanka ita ce mai wannan lamba, domin ba wanda ya zo ya duba.

Shi ya sa jami'in kwastan yake sunkuyawa ƙarƙashin mota. A Land Rover samfurin Defender, an buga lambar a jikin casis ta gaba a hannun dama, sannan ga faranti a kusa da akwatin birki cikin ɗakin inji. Lambar haruffa 17 ce, tana farawa da SAL, kuma harafi na goma shi ne shekara: W na 1998, X na 1999, Y na 2000, sai 1 na 2001. Injin ma yana faɗin shekarunsa. 200Tdi ya zo wa Defender a 1990, 300Tdi a 1994, Td5 a 1998, sai injin Ford mai lita 2.4 a 2007 tare da sabon dashbod da murfin inji mai tozo. Motar da takardarta ta ce 1986 amma ga dashbod ɗin 2007 da casis mai ruwan galbanayiz fes babu ɗigon tsatsa, ta riga ta tona wa kanta asiri. A Land Cruiser FJ40 ma, wadda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, lambar da ke jikin casis ita ce ake gwadawa da farantin da takarda.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne na inji, domin hukumomi biyu ne da ƙa'idoji biyu. NHTSA shekara 25 take nema, a fom ɗin HS-7. Hukumar muhalli ta EPA kuma shekara 21 take nema, a fom mai lamba 3520-1, amma da sharaɗin motar tana yadda masana'anta ta fitar da ita. Jita-jitar ta ce in an taɓa inji ko kaɗan shi ke nan. Ba haka ba ne. Gyaran inji, sauya zobe da fistin da gasket, ko maye gurbinsa da irinsa sak, bai ɓata komai ba. Abin da ke fitar da mota daga sassaucin shi ne a sa mata wani inji na daban wanda EPA ba ta amince da shi ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin tsofaffin Land Rover da har yanzu suke hawa tsaunin Mambila da Land Cruiser da suka ci hamadar Agadas ba su rayu ba sai da dabarar bakanike, kuma sau da yawa injin da ke ciki ba nasu ba ne. Irin wannan mota tana da amfani a gida, amma kada a sayar wa wani ita da sunan za ta shiga Amurka cikin sauƙi.

Casis kuwa ya fi inji tsanani, don a idon hukuma shi ne motar. Tsohon bodi a kan sabon casis sabuwar mota ce, shekarun bodin ba sa cetonta. Tsatsa ta cinye wani wuri, mai walda ya yanke ya yi faci, wannan gyara ne. Amma a ja masa kunne kada giranda ko wutar walda ta kusanci inda lamba take, a kuma ɗauki hoton wurin kafin aiki da bayansa.

Sai hukunci. Goge lambar mota ko sauya ta ko ɗauke ta daga wata mota zuwa wata da gangan laifi ne a dokar tarayyar Amurka, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Ƙarya a fom ɗin gwamnati ma haka. In aka ɗauki abin a matsayin fasa-ƙwauri, ɗaurin yana iya kai shekara 20. Motar kuma a ƙwace ta, ko a tilasta fitar da ita, ko a lalata ta. A 2013 kwastan sun fitar da bidiyon wata Defender da aka yayyaga da ƙugiyar ƙarfe a yankin Baltimore saboda an sauya mata lamba. A Yulin 2014 jami'an tsaron cikin gida suka bi gida-gida a jihohi daban-daban don ƙwace Land Rover kusan 40 da aka shigar ta hannun mutum ɗaya. Masu motocin da dama sun saya ne da zuciya ɗaya, da takardun jiharsu a hannu. Sai da aka yi kusan shekara ana shari'a kafin gwamnati ta amince a 2015 ta mayar wa waɗanda suka tsaya suka yi ƙara. Abin da ke da ciwo ke nan: ƙwacen yana bin motar ne duk inda take, ba ya tambayar wa ya yi ha'incin, kuma mai saye na uku shi ke kwana a ciki. Kare jama'a daga motar sata abu ne mai kyau. Amma a ɗauke wa mutum motarsa da asuba kan laifin da wani ya yi a wata ƙasa, a bar shi da kuɗin lauya, wannan ya yi nauyi.

Daga wannan haɗari ne tsadar takardun asali ta fito. Mai saye a can yana biyan kuɗin kwanciyar hankali ne. Takardar kwastan ta ranar da motar ta shigo ƙasa, rasit ɗin dillali na farko, littafin sabis mai hatimi, tsohuwar kart giriz, wato takardar rajistar mota a Nijar, takardun gwanjo idan motar gwamnati ce ko ta wata ƙungiya, da takardun canjin mallaka ɗaya bayan ɗaya, kowace tana ƙara ƙarfin hujja, matuƙar lambar da ke cikinta ita ce a jikin ƙarfen. Takardar da ba ta da mota kuwa, ko farantin lamba da ake sayarwa shi kaɗai, kayan aikin mazambata ne.

Kurakuran da suka fi yawa masu sauƙin kaucewa ne. Mutum ya sabunta takardu sai ya yar da tsofaffin, alhali sabuwar takarda ranar bana take ɗauke da ita, ba ta tabbatar da shekaru. Wani ya kai a lulluɓe tsohuwar takarda da leda mai zafi, tawada ta dushe, hatimi ya daina ganuwa. A ajiye ta a fayil a busasshen wuri, a riƙa yawo da fotokwafi. Mai fenti ya cire faranti don aikinsa ya yi kyau ya mayar da sababbin ribit, jami'i ya gani ya fara zargi. In magatakarda ya yi kuskuren harafi ɗaya a lambar casis, a koma ofishin da ya bayar a gyara da hatiminsu, kada a taɓa da biro, kada kuma a taɓa ƙarfen don ya dace da takardar. Wanda takardunsa suka ɓata ya yi rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu, ya nemi shaidar masana'anta, ya faɗa wa mai saye gaskiya.

Kafin a loda motar a jirgin ruwa, a wanke ƙarƙashinta tas, domin ma'aikatar gona ta Amurka ba ta yarda turɓayar wata ƙasa ta shiga ba. Harajin asali kashi 2.5 cikin ɗari ne ga motar fasinja, kashi 25 ga ta ɗaukar kaya, ban da ƙarin da gwamnati ke sauyawa lokaci zuwa lokaci. Kuma wucewa kwastan ba shi ne samun lamba ba: kowace jiha da dokar rajistarta, ta Kalifoniya kuma ta fi saura tsauri kan hayaƙi, don haka mai saye ya tambayi ofishin jiharsa kafin ya biya kuɗin jirgi.