Tambayoyi kan manomin koko da kuɗin da ba ya zuwa kullum

Ba a noman koko a Sakkwato. Ina ruwanmu da shi?

Goron da ake rabawa wurin ɗaurin aure a garin nan, da yawansa daga gonakin koko yake fitowa, a Ondo da Osun da Ogun, inda manomi ke dasa bishiyar goro a tsakanin na koko. Sannan 'yan ciraninmu da ke tafiya Kurmi, wasunsu a waɗannan gonaki suke ƙwadago.

Ai koko na da tsada. Me zai sa manominsa neman wata sana'a?

Ya yi tsada kam, a 2024 tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya. To amma babban girbi daga wajen Oktoba ne zuwa Janairu, sai wani ɗan ƙarami a farkon damina. Kuɗin makaranta kuwa a Satumba ake nema. Maganin feshin ruɓewar 'ya'yan koko ma da damina ake saye, lokacin da aljihu ya bushe. Sai manomi ya karɓi magani bashi wurin mai sayen koko, in girbi ya zo ya biya da kaya, sau da yawa a farashin da bai yi masa daɗi ba. Tun da aka rushe hukumar sayen koko a 1986, gwamnati ba ta yanke farashi a Nijeriya, saɓanin Ghana.

Da me suke cike giɓin?

Agada da rogo da gwaza, da manja, da kaji da awaki, da 'yar tireda a hannun matar gida. Sabon dashen koko yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin ya yi 'ya'ya, agadar da aka dasa don ta yi masa inuwa ita ke ciyar da gida a tsakani. Goro kuma yana da wani amfani: a ɓare, a jera cikin kwando da ganye, a riƙa buɗewa ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a sayar kaɗan-kaɗan idan ya zama daushe.

Ke nan mai sana'o'i da yawa ya fi jin daɗi?

Ba lalle ba. Wanda ya sayi injin matsar manja da rarar kuɗinsa daban yake da wanda ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago don babu na cefane. Dukkansu za a ce suna da hanya biyu, amma na biyun gonarsa ce ke cutuwa. A ganina tambayar da ta dace ita ce: a wane wata kuɗin ke shigowa, kuma hannun wa? Na manja da agada yakan bi ta hannun mata, kuma shi ne ke sayen maganin zazzaɓin yaro a watan Yuli.

Akwai kamar manomin koko a nan Sakkwato?

Manomin gero a Wurno ko Goronyo da ke sauka fadama noman albasa da rani. Bambancin shi ne yana iya canza shuka baɗi, mai koko kuwa bishiyarsa ta shekaru da dama ce, ba ya sare ta don farashi ya faɗi.