Atisaye a kan mutum-mutumi ba wasan yara ba ne

An daɗe ana cewa ɗalibin aikin jinya ba ya koyon komai sai a gefen gadon majinyaci na gaske, wai atisaye da mutum-mutumin roba ɓata lokaci ne. Wannan magana ba daidai ba ce.

A duba yadda ake farfaɗo da baligin da zuciyarsa ta tsaya. Ana danna tsakiyar ƙirji ya nutse santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, bayan kowace dannawa 30 a hura numfashi sau 2. Sabon ɗalibi yakan danna sama-sama, ko ya jingina nauyinsa a kan ƙirjin ya hana shi tasowa, sai zuciya ta kasa cika da jini kafin dannawa ta gaba. Mutum-mutumi mai na'urar awo yana nuna wannan nan take, malami ya gyara masa hannu, ya yi ta maimaitawa har ya ƙware. Wanda ke bakin mutuwa ba zai jira a gyara wa ɗalibi hannu ba. Tun 1960 kamfanin Laerdal na Norwe ya fito da mutum-mutumi mai suna Resusci Anne don koyar da farfaɗowa.

A 2014 wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa atisaye mai inganci zai iya maye gurbin har rabin sa'o'in horon asibiti, ƙwarewar ɗalibai ba ta ragu ba.

Amma da sharaɗi: sai da horarren malami, da zaman bita bayan kowane atisaye, inda ɗalibi zai faɗi abin da ya lura da dalilin matakin da ya ɗauka. Idan aka tsallake bitar, kuskuren da yake maimaitawa ne zai zame masa jiki.