Dokar Wales da ta ɗora wa ƙananan hukumomi gyaran hanyoyin ƙafa da na keke

A shekarar 2013 majalisar yankin Wales da ke Birtaniya ta zartar da wata doka mai suna Active Travel Act, wadda ta soma aiki a watan Satumbar 2014. Abin da take nufi a taƙaice shi ne, duk wanda zai je aiki, makaranta, asibiti ko kanti, ya samu hanyar da zai bi da ƙafa ko da keke hankalinsa kwance. Yawon shan iska ba shi ne damuwarta ba, zirga-zirgar yau da kullum take kallo. Masu keken guragu ma suna cikin lissafi.

Nauyin yana wuyan ƙananan hukumomin yankin guda 22. Kowacce sai ta zana taswirar garuruwan da gwamnati ta ware, galibi masu mutum sama da 2,000, ta nuna hanyoyin da suke da kyau a yanzu da waɗanda take shirin ginawa. Kafin ta miƙa wa ministoci sai ta ji ta bakin jama'ar gari, kuma ana sabunta taswirar bayan kowace shekara uku. Kowace shekara ma dole a ga sabuwar hanya da kuma gyaran tsohuwa, a kuma kai rahoto.

Wurin da na fi ganin ƙarfin dokar shi ne sashen da ya ce duk lokacin da za a gina titi ko a gyara shi, sai an ɗauki matakan da suka dace don mai tafiya a ƙasa da mahayin keke. A mararraba ake gane ko an yi hakan. Hanyar keke ta miƙe lafiya lau, da ta iso shataletale sai ta ɓace, a bar yaro ɗan makaranta ya kutsa tsakanin motoci, to wace uwa ce za ta saya masa keke? Shi ya sa gyaran yakan taru a nan: a matse kwanar titi don direba ya rage gudu kafin ya karya, a sassauta bakin dakalin titi don keken guragu ya sauka, a ba keke tasa danjar.

Wasu ƙa'idoji biyu sun zo daga baya sun ƙara wa dokar ƙarfi. Tun 29 ga Janairun 2022, kundin ƙa'idojin tuƙi na Birtaniya ya ce direban da zai shiga kwana ya dakata wa wanda ke tsallakawa, har ma da wanda ke tsaye yana jiran tsallakawa. Sannan daga 17 ga Satumbar 2023, Wales ta rage gudu a yawancin titunan cikin unguwa daga mil 30 zuwa mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32, matakin da ya tayar da ƙura sosai tsakanin direbobi.

Raunin dokar kuwa a fili yake. Ba ta faɗi tsawon hanyar da za a gina a shekara ba, ba ta kuma yanka wa'adin kammala abin da aka zana ba. Hanya kan iya shafe shekaru a kan taswira tana jiran kuɗi daga gwamnatin Wales da ke Cardiff, babban birnin yankin.