Ingancin aiki da gudanarwa a manyan makarantun Zariya

Ingancin gudanarwa a manyan makarantu shi ne yadda hukumar makaranta ke sarrafa ma'aikata da kuɗi da kayan aiki da lokaci, har ɗalibi ya samu ilimin da ya zo nema, ya kuma gama a kan kari. Batun yana da nauyi a Zariya saboda yawan makarantun da ke cikinta: Jami'ar Ahmadu Bello mai harabobi a Samaru da Kongo, da Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da aka kafa a 1964, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da wasunsu.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962 a ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa. Norman Alexander ne shugabanta na farko, Ishaya Audu ya gaje shi a 1966, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 1975. Kamar sauran jami'o'in tarayya, ikonta ya kasu biyu. Majalisar gudanarwa ke kula da kuɗi da ɗaukar ma'aikata da naɗin shugaban jami'a, wanda ke yin wa'adi ɗaya na shekara 5. Majalisar malamai kuwa ita ke riƙe da manhaja da jarrabawa da bayar da digiri. Magatakarda da ma'aji da shugabannin tsangayu da sassa su ke ɗauke da aikin yau da gobe.

Akwai kuma masu sa ido daga waje. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda ta samu ƙarfin doka a 1974, tana tantance kwasa-kwasan jami'o'i. Kwalejojin fasaha suna hannun hukumar kula da ilimin fasaha, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna, kwalejojin ilimi kuma suna hannun tasu hukumar, wato NCCE. Idan lokacin tantancewa ya yi, tawagar malamai daga wasu jami'o'i kan sauka a sashe, ta ƙirga malamai da matsayinsu, ta leƙa ɗakin gwaje-gwaje da laburare, ta ɗauko takardun jarrabawar da aka riga aka yi wa maki ta duba. Daga nan kwas ya samu cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ko ta wucin gadi, ko a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Tsarin yana da amfani ƙwarai, domin sassa da yawa ba sa ganin sabon kayan aiki sai tantancewa ta gabato. Rauninsa ma a nan yake. An daɗe ana kuka a faɗin ƙasar nan cewa wasu makarantu kan yi fenti, su aro na'urori har da malamai, tawaga na juya baya komai ya koma gidan jiya. Wannan ado da kayan aro ne, kuma ɗalibi ne ke kwana a ciki.

Ta fuskar kuɗi, asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, yana raba kuɗin harajin da ake karɓa daga ribar kamfanoni don gina ɗakunan lacca da tura malamai ƙaro karatu da tallafa wa bincike. Sai dai gini daban, riƙonsa daban, musamman da kuɗin wuta ke cin kaso mai tsoka na abin da makarantu ke samu.

Babban abin da ke rushe tsari shi ne yajin aiki. Na ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, a 2022 ya kai wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wanda ya san Samaru ya ga abin da idonsa: masu shagon kwafi da masu abinci da 'yan acaba sun zauna jugum, ɗakunan haya a kulle. Da aka dawo sai aka matse zangon karatu, kwas na wata 4 a tattare shi cikin 'yan makonni.

Ɗalibai da iyayensu suna da nasu ma'aunin. Sukan duba ko sakamako na fitowa kafin a shiga sabon zango, ko mai duba kundin digiri na karanta babin da aka miƙa masa, ko wanda ya gama zai samu cikakkiyar takardar sakamakonsa ba tare da zarya daga ofis zuwa ofis ba. Mayar da rajista da biyan kuɗi kan intanet ya rage dogayen layuka, amma makin da malami bai miƙa ba, kwamfuta ba ta da yadda za ta fitar da shi.