Waiwaye: Wentworth, ɗan fursunar da ya zama sarkin tumaki a Ostireliya

Har gobe akwai mazaɓa a birnin Sidni da ke ɗauke da sunan William Charles Wentworth, kuma a makarantunsu an daɗe ana koyar da shi a matsayin gwarzo, to amma labarin mutumin nan ya fi haka kauri.

A 1790 aka haife shi. Uwarsa Catherine Crowley fursuna ce da Ingila ta jefo can saboda satar tufafi, ubansa D'Arcy kuwa likita ne wanda shi ma sai da ya sha gurfana a kotu kan zargin fashi kafin ya baro gida. Don haka duk kuɗin da uban ya tara daga baya, manyan gari kallon ɗan fursuna suke wa yaron, abin kuma ya tsaya masa a rai. A 1813 shi da abokan tafiyarsa Blaxland da Lawson suka samo hanyar ƙetare tsaunukan Blue Mountains da ke yamma da Sidni suna neman makiyaya don fari ya matsa wa dabbobi, aka ba kowannensu eka 1,000. Bayan duwatsun nan fa akwai masu ƙasa, mutanen Wiradjuri, suna nan tun kaka da kakanni, ba wanda ya ce musu ko sannu.

Ya tafi Ingila ya karanto lauya, ya dawo a 1824 ya kafa jaridar The Australian tare da Robert Wardell, kuma gaskiya a nan kam ya yi aiki, ya tsaya kai da fata a daina wulaƙanta fursunonin da suka gama wa'adinsu, a ba su damar zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci, a kuma ba jama'a majalisar da za su zaɓa da kansu, ya hana Gwamna Darling sakat a jarida. Matarsa ma Sarah Cox 'yar fursunoni ce, matan manya ko gidanta ba sa takawa.

Sai dukiya ta zo. Garken tumaki ya yi yawa, filaye suka yi yawa, sai murya ta canza. A 1840 ya nemi ya saye kusan duk tsibirin kudu na Niyu Zilan daga hannun wasu sarakunan Maori a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, rabonsa shi kaɗai wajen eka miliyan 20, sai da Gwamna Gipps ya taka masa birki. Ya shiga majalisar New South Wales, yankin da Sidni take, a 1843, ya koma kare masu tumaki irinsa, har yana goyon bayan a dawo da jigilar fursunoni don a samu leburori masu arha. Jami'ar Sidni dai da hannunsa aka kafa ta a 1850, wannan ba a ƙwace masa. Amma a 1853 da yake tsara kundin mulki sai ga shi yana so a yi majalisar sama ta gado, 'ya'yan masu fili su riƙa gadar kujera, jama'a suka yi masa ca har aka cire.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na 1844. Bayan kisan gillar da Turawa suka yi wa 'yan asalin ƙasa a Myall Creek a 1838 an ga yadda makasa ke sha saboda kotu ba ta karɓar shaidar 'yan asalin ƙasa, aka kawo ƙudurin gyara, Wentworth ya miƙe a majalisa ya kwatanta shaidarsu da surutun biri, lauya fa, wanda ya san ɗacin raini tun yana yaro. Ƙudurin ya faɗi.

Ya mutu a Ingila a 1872, aka dawo da gawarsa Sidni aka yi masa jana'izar gwamnati a 1873. Sai a 1876 kotunan yankin suka fara sauraron shaidar mutanen da ya zaga.