Takardar Tafiye-tafiye ta 'Yan Gudun Hijira

Takardar tafiye-tafiye ta 'yan gudun hijira ɗan littafi ne mai siffar fasfo, wanda ƙasar da ta ba mutum mafaka take ba shi domin ya iya fita zuwa wasu ƙasashe ya kuma dawo, tun da ba shi da halin neman fasfo daga ƙasarsa ta asali. Tushenta a dokar ƙasa da ƙasa shi ne sashe na 28 na Yarjejeniyar Matsayin 'Yan Gudun Hijira, wadda aka amince da ita a birnin Jeniba ranar 28 ga Yulin 1951, ta kuma fara aiki ranar 22 ga Afrilun 1954. A yawancin ƙasashe bangonta shuɗi ne, da ratsi biyu baƙaƙe a kusurwar sama ta hagu, shi ya sa a Jamus ake kiranta shuɗin fasfo.

Bukatar wannan takarda ta taso ne daga abin da fasfo yake nufi. Fasfo shaida ce daga gwamnati cewa mai riƙe da shi ɗan ƙasarta ne, tana tsaya masa a waje, kuma za ta karɓe shi duk ranar da ya komo. Wanda ya tsere saboda tsoron gwamnatinsa ba zai shiga ofishin jakadancinta ya nemi irin wannan shaida ba, kuma ko da ya yi ƙarfin halin shiga, yarjejeniyar 1951 ta tanadi cewa wanda ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa da son ransa yana iya rasa matsayinsa na ɗan gudun hijira. Hukumomin shige da fice da dama suna ɗaukar sabunta fasfon ƙasar asali a matsayin alamar irin wannan komawa.

Asali: fasfon Nansen

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya mutane na ratsa yawancin iyakokin Turai ba tare da an tambaye su fasfo ba. Yaƙin ne ya sa gwamnatoci suka tsaurara bincike, kuma da aka gama shi ba su sassauta ba. A daidai lokacin ne juyin juya halin Rasha na 1917 da yaƙin basasar da ya biyo baya suka watsa ɗaruruwan dubban Rashawa zuwa Turkiyya, yankin Balkan, Jamus, Faransa da Sin. A watan Disambar 1921 gwamnatin Sobiyet ta fitar da doka da ta soke zama ɗan ƙasa na mafi yawan waɗanda suka fice ba da izininta ba, sai kimanin mutum 800,000 suka wayi gari ba su da ƙasa. Tsofaffin takardunsu na daular sarkin Rasha sun zama na banza, domin daular da ta bayar da su ta rushe.

Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaje ta daga baya, ta naɗa Fridtjof Nansen, masanin kimiyya kuma mai binciken yankin ƙanƙara ɗan ƙasar Norwe, a matsayin babban kwamishinan 'yan gudun hijirar Rasha a 1921. Shi ne ya kira taron gwamnatoci a Jeniba, inda ranar 5 ga Yulin 1922 aka amince da wata takardar shaida da ƙasar da mutum yake zaune za ta ba shi, sauran ƙasashe kuma su yarda su buga mata biza. Ita ce ta shahara da sunan fasfon Nansen. An faɗaɗa ta zuwa ga Armeniyawa a 1924, sannan Assuriyawa da wasu ƙananan rukunoni a 1928. An ƙiyasta cewa an bayar da kimanin 450,000, kuma ƙasashe fiye da 50 sun amince da ita. Nansen ya sami kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1922, ofishin da aka kafa da sunansa bayan rasuwarsa a 1930 shi ma ya same ta a 1938.

Duk da shahararta, takardar farko tana da babban naƙasu: wa'adinta shekara ɗaya ne, kuma ba ta ba mai ita ikon komawa ƙasar da ta ba shi ita ba sai da izini na musamman. Ƙasar da aka nemi bizarta kuwa abin da take fara dubawa shi ne inda za ta mayar da baƙo idan zamansa ya ƙare, saboda haka takardar da ba ta da tabbacin komawa ba ta cika samun biza ba. Sai a 1926 aka yi gyaran da ya shawarci gwamnatoci su riƙa sanya izinin komawa. Daga wannan darasi ne yarjejeniyar Landan ta 1946 kan takardun tafiyar 'yan gudun hijira, da ta 1951 bayanta, suka mayar da haƙƙin komawa ya zama ginshiƙin takardar.

Abin da yarjejeniyar 1951 ta tanada

Sashe na 28 ya wajabta wa ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar su ba da takardar ga 'yan gudun hijirar da suke zaune a cikinsu bisa doka, sai dai idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili na tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a. Ga sauran 'yan gudun hijirar da ke cikin ƙasar amma zamansu bai kai wannan matsayi ba, an bar wa gwamnati zaɓi, tare da kira gare ta da ta duba da idon rahama. A aikace, wanda har yanzu ake nazarin buƙatarsa ta neman mafaka ba ya samun takardar.

Cikakkun ƙa'idojin suna cikin wani jadawali mai sakin layi 16 da aka maƙala wa yarjejeniyar. Dole a rubuta takardar da aƙalla harsuna biyu, ɗaya daga ciki Ingilishi ko Faransanci. Kuɗinta kada ya wuce mafi ƙarancin abin da 'yan ƙasa suke biya na fasfo. Wa'adinta shekara ɗaya ne ko biyu, kodayake ƙasashe da yawa a yau suna wuce haka: Jamus kan ba da ta shekara uku, Amurka kuwa, wadda ta shiga tsarin ta hanyar ƙarin yarjejeniyar 1967, ta tsaya a kan shekara ɗaya. An buƙaci a sa ta yi aiki a ƙasashe masu yawa gwargwadon iko, amma bisa al'ada ana rubuta a cikinta cewa ba ta aiki a ƙasar da mai ita ya gudo daga gare ta. Mafi nauyin ƙa'idojin ita ce ta sakin layi na 13, inda ƙasar da ta ba da takardar ta ɗauki alkawarin karɓar mai ita duk lokacin da ya dawo muddin wa'adi bai ƙare ba, kuma ko a yanayi na musamman ba za ta rage lokacin dawowar ya gaza wata uku ba. Idan ɗan gudun hijira ya koma da zama wata ƙasa bisa doka, nauyin ba shi sabuwar takarda ya koma wuyan wannan ƙasar.

Jadawalin ya kuma fayyace abin da takardar ba ta bayarwa. Ba ta mayar da mutum ɗan ƙasar da ta ba shi ita, ba ta kuma ba shi haƙƙin kariyar jakadunta idan ya shiga matsala a waje. A nan ne ta fi bambanta da fasfo na ainihi.

Batun biza

Amincewa da takarda daban, buɗe ƙofa daban. Yarjejeniyar ta tilasta wa ƙasashen da ke cikinta su ɗauki takardar a matsayin sahihiya, amma ta bar wa kowace ikon yanke wanda zai shigo mata. Shi ya sa ɗan gudun hijirar da ke riƙe da takardar Kanada ko Birtaniya yakan nemi biza zuwa wuraren da 'yan waɗannan ƙasashe suke shiga kai tsaye. Ƙasashen da ba su shiga yarjejeniyar ba, irin su Indiya, Pakistan, Malesiya, Saudiyya da yawancin maƙwabtanta na yankin Gulf, babu abin da ya ɗaure su su karɓi takardar ma tun farko, kowace tana bin tsarinta ne.

A Turai an yi ƙoƙarin rage wannan wahala da yarjejeniyar 1959 ta ƙungiyar ƙasashen Turai mai suna Council of Europe, wadda ta yafe biza ga 'yan gudun hijira masu ziyarar da ba ta wuce wata uku ba tsakanin ƙasashen da suka sa hannu. Faransa ta dakatar da aiki da ita a 1986, Birtaniya ma ta yi haka a 2003, abin da ke nuna yadda irin wannan sassauci yake saurin zamewa idan siyasar shige da fice ta yi zafi.

A Afirka

Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kan 'yan gudun hijira, wadda aka amince da ita a Addis Ababa ranar 10 ga Satumbar 1969, ta maimaita wajibcin ba da takardar a sashenta na 6, amma ta ƙara wani sassauci: idan wata ƙasar Afirka ta biyu ta yarda ta karɓi ɗan gudun hijira, ana iya ɗauke wa ƙasar farko nauyin sanya alkawarin komawa. An yi haka ne domin sauƙaƙa wa ƙasashen da ke bakin iyakar rikici, waɗanda su ne jama'a suke fara kwararowa cikinsu. Najeriya, Nijar, Kamaru, Chadi, Ghana da Sudan duk suna cikin yarjejeniyoyin biyu. Don haka ɗan Najeriyar da rikicin Boko Haram ya kora zuwa sansanin Minawao a Kamaru ko yankin Diffa a Nijar, idan an amince da matsayinsa, hukumomin can ne ke da alhakin ba shi takardar. Wanda ya bar ƙauyensa ya koma Maiduguri kuwa bai tsallaka iyaka ba, yana nan ɗan ƙasa a cikin ƙasarsa, fasfon Najeriya ne haƙƙinsa.

Shekaru da dama hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, UNHCR, ita ce take buga littattafan da babu rubutu a ciki ta raba wa gwamnatoci masu ƙaramin ƙarfi, jami'ai su cike da hannu. Wannan hanya ta daina biyan buƙata bayan da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta sa ranar 24 ga Nuwambar 2015 a matsayin ƙarshen amfani da fasfon da na'ura ba ta iya karantawa, ta kuma buƙaci takardun 'yan gudun hijira su bi wannan tsari. Ƙasar da ba ta sauya ba, takardarta na iya zama halattacciya a doka, amma kamfanin jirgi ya ƙi ɗaukar mai ita, domin kamfanin ne ake ci tara idan ya sauke fasinjan da aka ƙi karɓa.

Takardu makamantanta

Marasa ƙasa waɗanda ba 'yan gudun hijira ba suna da tasu takardar a ƙarƙashin yarjejeniyar 1954, ita ma a sashe na 28. Falasɗinawan da ke ƙarƙashin kulawar UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tallafa wa 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ba sa cikin tsarin 1951, kuma Masar, Lebanon da Siriya sun daɗe suna ba su takardu na musamman, waɗanda ƙa'idar Kasablanka ta Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta 1965 ta yi magana a kansu. Kwamitin ƙasa da ƙasa na Red Cross ma tun 1945 yake ba da takardar gaggawa ta tafiya ɗaya tak, ga wanda ba shi da wata shaida amma akwai ƙasar da ta riga ta yarda ta karɓe shi.