Hoton iyali da wayar hannu a cikin gida: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin Sallah ko suna sai an yi ta yi min tambayoyi iri ɗaya a nan Birnin Kebbi, musamman matan gida da ba sa son a kawo musu baƙon mai hoto har tsakar gida, to ga amsoshin a wuri guda.

Tambaya: Malam wayata Tecno ce kuma ta kwana biyu, dole sai na sayi iPhone kafin hoto ya yi kyau?

Amsa: A'a Hajiya, riƙe abarki. Kafin komai ki juya wayar ki dubi gilashin kamara, yawanci za ki same shi da maiƙon hannu da ƙura, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, shi ya sa hoton ke fitowa dishi-dishi. Ki goge da gefen mayafi mai laushi. Sannan ki yi aiki da kamarar baya, ta fi ta gaba ƙarfi a kusan kowace waya. Kuma dan Allah a daina jawo hoto da yatsa biyu, a ƙananan wayoyi yanke hoton kawai yake yi yana buɗa shi har ya farfashe, gara ki taka ki matsa kusa.

Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa?

Amsa: Nan ne maganar take, dan haske ya fi tsadar waya muhimmanci nesa ba kusa ba. Mu dai mun saba ana saukowa daga Idi a ci abinci sai a ce a fito a yi hoto, lokacin rana ta take tsaka, kuma kun san ranar Kebbi ba ta wasa. Sai ka ga kowa ya runtse ido, gumi na tsiyaya, inuwar hula ta rufe wa Baba rabin fuska, ƙarƙashin idon mata ya yi baƙi duk kwalliyar ta tashi a banza. Ku jira bayan la'asar sa'ad da rana ta yi sanyi, ko da safe kafin ƙarfe 9. In kuma dole sai da rana dan wasu za su wuce Argungu ko Jega kafin yamma, to a shiga inuwa mai kauri, ƙarƙashin rumfa ko bakin zaure, mutane su fuskanci waje inda haske ke shigowa shi kuma mai ɗauka ya ba hasken baya. Inuwar darbejiya ana sonta amma a kula, rana na ratsowa ta tsakanin ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, ɗaya kunci fari ɗaya baƙi. Wani abin da mutane ba su lura ba, ranar da aka tashi da hazo hoton mutane ya fi fitowa da taushi ko da tsakar rana, dan hazon ya riga ya tace hasken.

Tambaya: Maigida ya sa farar shadda, rigar ta fito tas amma fuskarsa ta yi duhu, mi ya jawo?

Amsa: Wayar ce ke auna haske da kanta, da ta ga fari ya cika hoton sai ta rage haske gaba ɗaya, fuska kuma ta tafi da shi. Ki taɓa fuskarsa a kan allon wayar, za ki ga ɗan akwati ko da'ira ta fito da alamar rana a gefe, ki ja alamar sama kaɗan har fuskar ta fito. Kar a wuce gona da iri, in kin ja da yawa aikin wuyan rigar zai ɓace. In kamarar wayar na da HDR, wato saitin da ke daidaita wurin haske da wurin duhu a hoto, ki kunna. Abin nan mai gyara fuska kuma ni a ra'ayina a kashe shi, ya za a yi Inna mai jikoki ta fito ba ko layi ɗaya a goshi, har tsagar gado ta kumatu ya shafe.

Tambaya: Ni kullum ni ke ɗauka, ba na cikin hoton ko ɗaya.

Amsa: Akwai agogo cikin kamarar da ke jinkirta ɗauka bayan an danna, ki sa shi daƙiƙa 10. A kifa turmi ko a jawo tebur, a jingina wayar da wani abu mai nauyi yadda za ta tsaya daidai ƙirjin mutane, in ta yi ƙasa sosai haɓa da hanci kawai za ki gani. Ki bar wa kanki gurbi a gefe tun kafin ki danna, kar ki zo kina ture mutane.

Tambaya: Yara ba su tsayawa, kuma mu kusan ashirin ne.

Amsa: Kar a tara yara sai an gama shirya manya. Tsofaffi su zauna a kujera tsakiya, samari da 'yan mata a tsaye baya, sai a shimfiɗa tabarma a gaba a kira ƙananan a ƙarshe. Kar a yi musu tsawa, yaron da aka daka wa tsawa a hoto ake ganinsa. A ɗauka da yawa a jere, ko goma, cikin mutum ashirin dole wani ya ƙifta. Kuma kafin a danna a leƙa bayan mutane, igiyar shanya, buta, bokitin wanki, tarin takalma bakin ƙofa, akuya ma takan leƙo. Katangar laka ko bango marar ado ya ishe ku.

Tambaya: Da dare fa in an ɗauke wuta?

Amsa: A bari sai gobe in da hali. Filashin waya na sa goshi ƙyalli bayan mutane kuma ya yi baƙi ƙirin. In ya zama dole a haska farin bango da fitilar caji, hasken ya dawo kan fuskoki.

Tambaya: Hoton na da kyau a wayata amma da na tura wa Yaya a Gusau ta kai a wanke sai ya fito a farfashe.

Amsa: WhatsApp ne ke matse hoto dan ya rage cin data. Tun 2023 sun sa alamar HD a sama in za ki tura, ki danna ta, ko mafi kyau ki tura shi a matsayin fayil ta wajen da ake tura takardu, haka zai isa yadda yake. Kar ki dogara da waya kaɗai, ana sacewa, tana faɗawa ruwa. Duk mai Gmail na da 15GB kyauta da zai iya ajiya a Google Photos, kuma ki zaɓi biyu ko uku masu kyau, musamman wanda su Kaka ke ciki, a wanke su girman inci 5 da 7 a sa a firam. Sai kuma kafin ki ɗora a status ki tambayi waɗanda ke ciki, akwai matan da sun yarda ne dan hoton na gida ne, ba dan duk lambobin wayarki su gani ba.